Ka Ciro Direbarka daga Jaka

Akwai wata shawara da kusan duk wanda ya fara wasan ƙwallon lambu, wato golf, yakan ji tun a makonninsa na farko, kuma yawanci daga bakin mutumin da ke nufinsa da alheri take fitowa. Ka tsaya a wurin tashi, ka zaro babbar sandar nan da 'yan wasa ke kira direba, sai wani dattijo cikin abokan zagayenka ya dafa kafaɗarka ya ce, "Mayar da ita jaka, malam. Ɗauki ƙaramar sanda ka ajiye ƙwallonka a tsakiyar fili. Hanyar lafiya a bi ta da shekara." Ni ma an faɗa mini haka, na kuma bi maganar na tsawon lokaci, domin tana da daɗin ji kuma tana da kamannin hankali. Abin da ya dame ni shi ne katin lissafina bai taɓa yarda da ita ba. Bugun da nake kammala zagaye da shi bai ragu ba, sai dai nishaɗin ne ya ragu.

Yau ra'ayina ya tsaya a kan cewa mai wasa don nishaɗi, a ramuka masu bugu huɗu da masu bugu biyar, wato waɗanda ƙa'idar wasa ta ce gwani zai kammala da wannan adadin bugun, direba ce ya kamata hannunsa ya fara kaiwa. Gajeriyar sanda ce ke bukatar hujja kafin a ɗauke ta, kuma ramukan da ke ba da wannan hujjar ba su kai yawan da tsoro ke nuna mana ba.

Mu fara da nisa, domin a nan ne masu ba da shawarar suke yi wa kansu lissafin da ba nasu ba. Ƙwararrun da ke buga gasar PGA a Amurka suna jefa ƙwallo kusan yadi 300 da direba. Mutum gama-gari mai wasan ƙarshen mako, idan aka auna bugunsa da gaske ba wanda yake ba da labari ba, bai cika wuce yadi 200 da 'yan kai ba. To ɗauki rami mai tsawon yadi 380, wanda ba wani dogo ba ne. Idan ka buga yadi 215 da direba, saura 165, nisan da za ka iya kaiwa da sandar ƙarfe ko ruwa-biyu, wato sandar da ke tsakanin ta ƙarfe da ta katako. Idan ka sauka zuwa sandar katako mai lamba 3 ka samu 195, saura 185, kuma yanzu kana riƙe da ɗaya daga cikin sandunan da suka fi wuyar bugawa a jakarka, ƙwallo kuma tana zaune a ƙasa ba a kan tsinken da ake ɗora ta a wurin tashi ba. Idan kuwa ka bi shawarar har ƙarshenta ka ɗauki ƙarfe mai lamba 5 ka yi yadi 160, saura 220, wato ka riga ka sallama cewa ba za ka hau dandalin rami, wato shimfiɗaɗɗen wurin da ramin yake, a bugu biyu ba tun kafin ka bar wurin tashi. Tsakanin sandar ƙarfe da mai bi mata akwai kimanin yadi 10, don haka duk yadi 30 da ka bari a baya yana nufin sanduna uku mafi tsawo a bugu na gaba. Haɗarin da ka guje wa a bugun farko yana nan yana jiranka a na biyu, a wurin da abin da kake nema ya fi ƙanƙanta, ga ramukan yashi sun kewaye shi.

Sai alkawarin da gajeriyar sanda take yi, cewa za ta sa ka a tsakiyar fili. Wannan alkawarin ne na fi jin haushinsa, saboda ba ta cika shi. Hannun da ke karkatar da fuskar direba shi ne dai hannun da zai riƙe katako mai lamba 3. Kan direba na zamani yana da girman santimita kubik 460, iyakar da doka ta yarda, kuma an ƙera shi ne don ya yafe wa wanda bai sami ƙwallo a tsakiyar fuska ba. Kan katako mai lamba 3 bai kai rabin wannan ba. Duk wanda ya taɓa shafar saman ƙwallo da ita, ya ga ta yi birgima yadi 60 a gabansa, ya san abin da nake nufi. Gaskiya ne cewa fuskarta ta fi kwanciya, kusan digiri 15 inda direba take tsakanin 9 da 12, kuma ƙarin kwanciyar yana rage lanƙwasar ƙwallo a iska. Gaskiya ne kuma ta fi gajarta da kusan inci biyu. Amma kamfanonin da ke sayar da na'urorin bin sawun bugu, irin su Arccos da Shot Scope, sun tara bugun 'yan wasa gama-gari masu ɗimbin yawa, kuma abin da suke ta nunawa shi ne bambancin dacewa da tsakiyar fili tsakanin sandunan biyu ɗan kaɗan ne, asarar nisan kuwa tabbatacciya ce.

Wani ɓangare na abin da muke kira daidaito ma lissafin kusurwa ne kawai. Ƙwallon da ta kauce da digiri 5 daga inda aka nufa, a yadi 200 za ta faɗi kimanin yadi 17 da rabi a gefe. A yadi 230 za ta faɗi yadi 20. Bugun ɗaya ne, kuskuren ɗaya ne, gajeriyar dai ba ta yi tafiyar da za ta fita ba. Yadi biyu da rabi na faɗi aka saya da yadi talatin na tsawo. Ni ban ga riba a wannan cinikin ba.

Kuma me ya sa muka mayar da askakkiyar ciyawar tsakiya tamkar ita ce manufar wasan? Ba a rubuta ta a katin lissafi. Ƙwararru kansu kusan shida cikin goma kawai suke dacewa da ita. A yawancin filayen da mutane ke wasan yau da kullum, ciyawar gefe ba ta da tsawon da za ta haɗiye ƙwallo, kuma wanda yake cikinta da saura yadi 140 ya fi wanda ke tsakiyar fili da saura 180 kyakkyawan matsayi. Mun ga a talabijin yadda ake barin ciyawa ta yi tsawo a manyan gasa don a wahalar da gwanaye, sai muka ɗauko tsoronsu muka kawo filin da ba shi da wannan ciyawar.

Ina ganin shawarar dattijon nan tana da tarihi, kuma a zamaninta daidai take. Har zuwa shekarun 1980 kan direba na itace ne, ƙarami, wurin daɗin bugunsa bai wuce kan ɗan yatsa ba, kuma ƙwallon lokacin ta fi ta yanzu juyawa a iska. Wanda ya kuskure kaɗan ya sha wahala. Kamfanin TaylorMade ya fito da direba mai kan ƙarfe a 1979, Callaway ya kawo Big Bertha a 1991, daga nan aka koma ƙarfen titaniyom mai sauƙin nauyi, kawuna suka yi ta girma har hukumomin wasan biyu, R&A da USGA, suka sa iyaka. Sandar ta sauya gaba ɗaya, shawarar ce ba ta sauya ba, ana ta gadonta daga baki zuwa baki. Haka ma tsohon zancen nan da ake jingina wa Bobby Locke na Afirka ta Kudu, cewa dogon bugu na burge 'yan kallo ne, kuɗi kuwa yana wurin tura ƙwallo rami. Mark Broadie, malami a Jami'ar Columbia da ke New York, ya zauna ya auna kowane bugu da abin da yake ƙara wa ɗan wasa ko rage masa idan aka kwatanta da sauran, hanyar da gasar PGA ta fara amfani da ita a 2011. A littafin da ya fitar a 2014 ya nuna cewa kusan kashi biyu cikin uku na tazarar da ke tsakanin gwanaye da na bayansu daga bugun da ya wuce yadi 100 take fitowa, turin ƙwallo a dandalin rami kuwa rabonsa bai kai kashi ɗaya cikin biyar ba. Tun daga lokacin ƙwararru suka sauya yadda suke wasa. Mu ne muka tsaya a inda aka bar mu.

Na san misalin da za a kawo mini, domin kullum shi ake kawowa. A watan Yulin 2006, a filin Royal Liverpool da ke Hoylake a Ingila, Tiger Woods ya lashe gasar Open da bugu 18 ƙasa da ƙa'ida, ya ba Chris DiMarco tazarar bugu biyu, kuma a ramuka 72 sau ɗaya tak ya ɗauki direba. Labarin gaskiya ne, kuma yana cikin wasa mafi hikima da aka taɓa gani. Amma a duba yanayin. Zafi ya ƙona filin a wannan bazarar, ciyawa ta bushe ta yi ja, ƙasa ta yi tauri har ƙwallo na gudu a kanta kamar a kan daɓe. Ramukan yashin filin masu zurfi ne, wanda ya faɗa ciki sai dai ya fito ta gefe. Woods ya ga cewa da sandar ƙarfe zai iya tsayawa kafin su, kuma ya san babu wanda ya kai shi iya buga dogon ƙarfe zuwa dandalin rami. Ƙarfensa mai lamba 2 a wancan makon ya fi direbar yawancinmu nisa. Wutsiyar raƙumi ta yi nesa da ƙasa. Mutumin da yake da rarar nisa zai iya kashe wani abu daga ciki ya sayi tsaro. Mu da ba mu da rarar, da me za mu saya?

A ɗaya gefen kuma akwai Bryson DeChambeau, wanda ya ci gasar US Open a Winged Foot a watan Satumban 2020. Filin an san shi da ƙuncin tsakiya da ciyawa mai kama sanda. Cikin bugun tashi 56, sau 23 kawai ya dace da tsakiyar fili, amma ya yi nasara da tazarar bugu shida, kuma shi kaɗai ya gama ƙasa da ƙa'ida. Ba zan ce mu kwaikwaye shi ba, don ƙarfin da yake fizgo ƙwallo da shi daga ciyawa ba namu ba ne. Abin da nasararsa ta nuna dai shi ne idan fili ya yi ƙuncin da kowa zai kauce masa ko da wace sanda, gara ka kauce kana kusa da rami.

Yanzu ga inda nake ba masu gajeriyar sanda gaskiyarsu, kuma ba ƙaramar gaskiya ba ce. Abin da ke lalata katin ɗan wasa gama-gari shi ne tara. Idan ƙwallonka ta tsallake fararen turakan iyaka, ko ta ɓace ka kasa ganinta cikin minti uku da doka ta ba ka tun 2019, sai ka ɗauki tarar bugu ɗaya ka koma inda ka buga. Wato bugunka na gaba daga wurin tashi shi ne na uku. Bugu biyu sun tafi ba ka matsa ko taku ɗaya ba. Faɗawa ruwa ta fi sauƙi kaɗan, tarar bugu ɗaya ce kuma yawanci kana riƙe da nisan da ka yi, amma ita ma tana ciwo. Idan a wani rami ka san cewa cikin bugu goma na direbarka uku za su fita iyaka, to bugu shida ke nan ka zubar a zagaye goma, fiye da rabin bugu duk lokacin da ka tsaya a wurin. Yadi 25 ba za su biya maka wannan ba. A nan kam tsalle ɗaya ke jefa mutum rijiya.

Saboda haka tambayar da nake yi wa kaina a wurin tashi ta sauya. Da nakan tambaya ko zan dace da tsakiya. Yanzu nakan tambaya, a nisan da direbata ke sauka, mene ne a dama, mene ne a hagu, kuma cikinsu wanne ne ke cin tara? Bugun kowannenmu ba ɗigo ɗaya yake sauka ba, warwatse yake kamar an watsa tsakuwa, kuma faɗin warwatsuwar ga ɗan wasa gama-gari yakan zarce faɗin tsakiyar filin nesa ba kusa ba. Idan iyaka tana dama kuma hagu ciyawa ce kawai, ba sauya sanda ne maganin ba. Ka kafa tsinkenka a gefen dama na wurin tashi, ka nufi gefen hagu na fili, har cikin ciyawar in ta kama, ka bar warwatsuwarka ta faɗi inda ba a biyan tara. Mutane da yawa da ke cewa direba ta ci amanarsu, tsakiyar fili suke nufa a kowane rami ba tare da sun kalli gefen da wutar take ba. Inda nake mayar da direba jaka shi ne inda rafi ya ratsa fili daidai nisanta, ko inda fili ya yi kwana ta yadda dogon bugu zai zarce cikin itatuwa, ko inda tara take dama da hagu kuma gajeriyar sanda za ta tsaya kafin wurin ya matse. Wannan sharaɗin na ƙarshe yana da muhimmanci. Idan tafkin ya bi gefen fili tun daga yadi 150 har zuwa 260, katako mai lamba 3 ba ta fitar da kai daga komai ba, an gudu ne ba a tsira ba.

Akwai kuma laifin da ake ɗora wa direba alhali na bugu na biyu ne. Ana yawan tuna Jean van de Velde na Faransa a Carnoustie a 1999, wanda ya iso rami na ƙarshe na gasar Open yana gaba da bugu uku, bugu shida ma sun ishe shi ya ɗauki kofi. Ya ɗauki direba, ƙwallo ta kauce dama sosai amma ta faɗi a wuri mai kyau. A wannan yanayin ni ma zan ce bai kamata ya ɗauke ta ba, domin wanda yake bukatar shida ba lissafinsa ɗaya da mai neman huɗu ba. Sai dai abin da ya kashe shi ya zo ne bayan haka, lokacin da ya nufi dandalin rami da ƙarfe mai lamba 2 maimakon ya ajiye ƙwallo a gaba da ƙaramar sanda. Ta bugi rumfar 'yan kallo ta dawo cikin ciyawa, daga nan ta faɗa rafin Barry Burn, ya gama da bugu bakwai, Paul Lawrie ya ci kofin a wasan raba gardama. Phil Mickelson ma haka a Winged Foot a 2006: direba ta kai shi hagu wajen wata rumfa, amma yana da damar fito da ƙwallo fili ya nemi bugu biyar da zai kai shi raba gardama. Ya zaɓi ya lanƙwaso ta ta gefen itace, ta bugi itacen, ya gama da shida, Geoff Ogilvy ya yi nasara. Mu ma kullum haka muke yi. Direba ta sa ka cikin itatuwa, wannan asarar bugu ɗaya ce ko ƙasa da haka idan ka haƙura ka turo ƙwallo gefe. Kai ne ka hango wata 'yar kafa tsakanin rassa biyu ka ce za ka bi ta ciki, ka mayar da biyar ta zama takwas, sannan a hanyar komawa ka ce direba ce.

To wanda direbarsa ta fi ƙarfinsa fa, wanda duk bugu sai ta lanƙwasa dama ta bar filin gaba ɗaya? Shi kam a yau, a wannan zagayen, ya ɗauki sandar da zai iya samun ƙwallonta, ba a fafe gora ranar tafiya. Yana da hakkin mutanen da ke bayansa suna jira yana neman ƙwallo a duhuwa, da na waɗanda ke ramin maƙwabta, da na gidaje da hanyoyin da ke bayan shinge. Ƙwallon golf tana iya yi wa mutum mummunan rauni, kuma babu wani lissafin bugu da ya kai wannan. Amma wannan hutun wucin gadi ne. Abin da na ƙi shi ne a mayar da shi zaman dindindin, mutum ya shekara goma yana ɗauke da sanda ɗaya cikin sha huɗun da doka ta yarda masa yana tsoron taɓa ta. Sau da yawa gyaran ba shi da nisa. Direba mai kwanciyar digiri 12 ko fiye ta fi dacewa da mai matsakaicin ƙarfi fiye da mai digiri 9 da ya saya don ya ga gwani na riƙe da irinta. Waɗanda ake sayarwa a kanti sukan wuce inci 45, kuma riƙe ta ƙasa da inci ɗaya kawai yana sa a fi samun tsakiyar fuska. Zama biyu ko uku da mai koyarwa kan yadda ake riƙo da yadda fuska ke kallon ƙwallo lokacin haɗuwa yana gyara abin da shekaru na gudu ba su gyara ba.

Wannan shawara ta barin direba ta fi cutar da waɗanda nisansu ya fi gajarta: dattawa, da yawancin mata, da yara masu tasowa. Wadda direbarta ke yin yadi 150 ba ta da warwatsuwar da za ta kai ta iyaka a mafi yawan ramuka, kuma duk yadin da ta samu tana bukatarsa. A ce mata ta ɗauki gajeriyar sanda zalunci ne da sunan nasiha. Abin da ya kamata a ce wa irinsu, da mu duka in za mu faɗi gaskiya, shi ne mu matsa zuwa wurin tashi na gaba. Tun 2011 hukumar USGA da ƙungiyar PGA ta Amurka suka yi kamfe a kan haka, cewa kowa ya buga filin da ya yi daidai da nisansa. Girman kai ne ke tsayar da maza a wurin tashi na baya, inda rami mai bugu huɗu yake zame musu mai bugu biyar, sai su matse sanda su yi bugun ƙarfi don su cike giɓin, ƙwallo ta tafi daji.

Akwai abu ɗaya da ba ya shiga lissafi kuma ba na jin kunyar faɗinsa. Ba don kofi muke zuwa filin nan ba. Mun bar aiki da hidimar gida na awa huɗu, kuma cikin abin da ke dawo da mu mako mai zuwa akwai ƙarar nan da direba ke yi idan ta sami ƙwallo a tsakiya, da tsayuwar da mutum ke yi yana kallonta tana hawa har ta zama ɗigo. A zagaye ɗaya sau goma sha huɗu ake samun wannan damar a yawancin filaye. A filin da na fi bugawa, ramuka biyu ne kawai cikin sha huɗun nake barin direba a jaka: ɗaya saboda rafin da ya ratsa daidai inda take sauka, ɗayan kuma saboda hanyar mota da ke dama kuma fararen turaka na hagu. A sauran sha biyun, ina duba gefen da babu tara, in kafa tsinke da tsawo, in buga.